Ku daina yi wa 'yan Kweka ƙarya, shirunsu bai taɓa hana su bishara ba

Wannan hoton da ake ta yawo da shi tun shekaranjiya ya ishe ni. Kun gan shi, ba sai na sake ɗora shi ba: mutane zaune a kan benci sun sunkuyar da kai, a ƙasa an rubuta wai ga Kiristocin ƙwarai nan, 'yan Kweka, ba sa wa'azi, ba sa kiran kowa, rayuwarsu ce kaɗai ke magana, saura su yi koyi. Har da jingina maganar ga George Fox, Baturen Ingila da ya kafa wannan ƙungiya ta Kirista. Jama'a kuwa sai turawa suke yi, cikinsu har da waɗanda suka zauna ajin tarihin ikilisiya suka ci jarrabawa. To ƙarya ce. Wanda ya haɗa hoton bai san mutanen da yake yabo ba, ya dai ga sanda a ƙasa ya ɗauka don ya doki masu wa'azin lasifika da suka hana shi barci.

Na san yawancinmu a nan abin da muka sani game da sunan bai wuce tsohon nan mai baƙar hula da ke jikin gwangwanin Quaker Oats ba, kuma shi ma kamfanin ba nasu ba ne, aron sunan aka yi saboda an san su da gaskiya a ciniki. Rashin sani ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya tsinko rabin magana ya ce ita ce duka.

Kalmar nan da ya tsinko, “bari rayuwarku ta yi magana”, tana nan rubuce a kan wani allo da aka manna a jikin dutse a Firbank Fell, arewa maso yammacin Ingila. Ita ce layin farko. Abin da ke biye da ita a allon nan ɗaya kuwa shi ne cewa a wurin ne, ranar Lahadi 13 ga Yuni, 1652, George Fox ya yi wa mutane kimanin 1,000 wa'azi na tsawon awa uku. Awa uku, a fili, kan tudu, babu rumfa babu lasifika. Wannan ne mutumin da aka ce mana ya koyar da kulle baki.

Haka ma wasiƙar da ya aika daga kurkukun Launceston a 1656, wadda ake yawan yanko ƙarshenta, inda ya ce ku zama abin koyi a dukan ƙasashe da tsibirai da al'ummai, ku ratsa duniya da fara'a kuna amsa abin nan na Allah da ke cikin kowa. Wa aka rubuta wa ita? Masu hidimar wa'azi. Kuma a cikinta ne ya ce musu bari dukan al'ummai su ji, ko da baki ko da rubutu, kada ku tsallake wuri, kada ku tausaya wa harshe ko alƙalami. Mutum ya ɗauki almakashi ya yanke wannan ya bar wancan, sannan ya zo yana koya mana tarihi.

Abin da masu hoton ba su gane ba shi ne, aƙidar da suke tsammanin ta hana 'yan Kweka fita ita ce ta fitar da su. Sun ɗauki Yohanna 1:9 da gaske, cewa Almasihu shi ne haske na gaskiya mai haskaka kowane mutum. In kuwa haka ne, babu ɗan Adam da bishara ta fi ƙarfin kunnensa, bawa ne ko sarki, Bature ne ko Baturke, domin akwai mai shaida a cikin ƙirjinsa da zai ce masa wannan magana gaskiya ce. Saƙon Fox a taƙaice shi ne Almasihu ya zo ya koyar da jama'arsa da kansa. Wanda ya gaskata wannan zama a gida ba ya yiwuwa gare shi. Sunan da suke kiran kansu da shi ma, Abokai, ana danganta shi da Yohanna 15:14, ku abokaina ne in kuna yin abin da na umarce ku. Shi kuwa Kweka, wato mai makyarkyata, baƙar magana ce da wani alƙali ya yaɓa wa Fox a Derby a 1650, bayan Fox ya ce masa ya yi rawar jiki a gaban maganar Ubangiji. Kun ga ko sunan nasu a bakin wa'azi aka samo shi.

Daga 1652 zuwa 1654 maza da mata kimanin sittin, yawancinsu manoma da masu sana'ar hannu daga arewacin Ingila, suka bazu bibbiyu zuwa kudu. Margaret Fell ta mai da gidanta na Swarthmoor tamkar hedikwata, wasiƙu na shiga na fita, ga asusun da aka buɗe a Kendal don kuɗin takalmi da guzuri da taimakon waɗanda aka ɗaure. Edward Burrough da Francis Howgill suka nufi Landan, aka kama hayar babban zaure a wani gida da ake kira Bull and Mouth, mai cin mutum wajen 1,000. Ga abin da nake so mai hoton ya sani: taro iri biyu suke yi. Akwai na shiru, na waɗanda suka riga suka karɓi saƙon, su zauna su jira Ubangiji. Akwai kuma wanda su da kansu suka sa wa suna taron sussuka, na kowa da kowa, inda mai wa'azi zai hau benci da Littafi Mai Tsarki a hannu, ana ihu ana zaginsa ana jefo masa tambaya, shi kuwa yana ta bugu har tsaba ta rabu da ƙaiƙayi. Mai hoton ya ɗauko na farko ya ɓoye na biyu. Burrough ya mutu a kurkukun Newgate bai kai shekara 30 ba. Howgill ya mutu a na Appleby. Shi kansa Fox sau takwas ana ɗaure shi. Hukuma ba ta ɓata igiyarta a kan mutumin da ya yi shiru a ɗakinsa.

Sai Mary Fisher, wadda in da ita kaɗai tarihinsu ya haifa, da ta isa ta rufe bakin wannan zance. 'Yar aiki ce a wani gida a Yorkshire. A 1653 aka yi mata bulala a bainar jama'a a Cambridge saboda ta yi wa ɗaliban da ake shiryawa su zama limaman coci wa'azi. A 1656 ita da Ann Austin suka sauka Boston, aka ƙwace littattafansu kusan 100 aka ƙone a kasuwa, aka tuɓe su ana neman alamar maita a jikinsu, aka kulle su mako biyar, aka mai da su jirgi. Ba ta daddara ba. Ta ce Allah ya aike ta wurin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Da ta isa Izmir, wakilin Ingila na can ya yi mata dabara ya sa ta a jirgin da zai mai da ita Benis. Ta sauka a hanya ta bi ta ƙasa har Edirne, inda Sultan Mehmed na Huɗu, saurayi ɗan shekara 16, yake da rundunarsa. A 1658 ke nan. Aka shigar da ita gabansa da tafintoci, da irin karɓar da ake yi wa jakadu. Kamar yadda tarihinsu ya kawo, ta tsaya shiru na ɗan lokaci, har Sarki ya tambaya ko a rage mutane ne don ta sake. Ta ce a'a. Ya ce ta faɗi abin da aka aiko ta da shi kada ta ji tsoro, kada ta ƙara kada ta rage. Ta faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mata tayin masu rakiya, ta gode ta ce za ta tafi yadda ta zo. Ku dubi wannan shirun da ta yi a gaban Sarki da kyau, domin shi ne shirun Kweka na asali: jiran a ba ka magana kafin ka buɗe baki. Kuma ku lura da wanda ya karɓe ta da mutunci da waɗanda suka yi mata bulala. Sarkin Turkawa, Musulmi, ya saurare ta, 'yan'uwanta Kiristoci na Boston kuwa daga 1659 zuwa 1661 sun rataye mutum huɗu daga cikin Abokai, har da Mary Dyer, saboda an kore su sun ƙi daina dawowa da saƙon.

Kada wani ya ɗauka kowa ne ke tashi da safe ya ce Ruhu ya ce, ya ɗauki jaka. Sun ɗanɗana wannan sun ji ɗacinsa. A 1656 James Nayler, wanda wasu ke ganin ya fi Fox iya magana, ya bari 'yan tsirarun mabiyansa suka shigar da shi Bristol a kan doki suna shimfiɗa tufafi suna rera mai tsarki, mai tsarki. Majalisar Ingila ta sa aka huda masa harshe da jan ƙarfe aka yi masa tambari a goshi, ƙungiyar duka ta sha kunya. Irin wannan ne ya sa suka gina tsarin gwada kira, kuma wallahi da ikilisiyoyinmu za su are shi da an huta da abubuwa da yawa. Wanda ya ji nauyin zuwa wani wuri da bishara zai kawo maganar gaban taron wata-wata na jama'arsa. Ba a kaɗa ƙuri'a. A yi shiru, a yi masa tambayoyi, a dubi halinsa, a dubi ko akwai bashi a kansa da wanda zai riƙe iyalinsa. In zukata ba su haɗu ba a ce ya jira, ko da shekara ce. In sun haɗu, magatakarda ya rubuta takardar tafiya da ke cewa mun san wannan mutum, muna tare da shi a wannan aiki. In tafiyar ta ƙetare teku ce, sai maganar ta hau zuwa taron wata uku da na shekara. Ba ya tafiya shi kaɗai, ana haɗa shi da abokin tafiya, sau da yawa dattijo, wanda aikinsa har da ce masa yau ka zarce. Jama'a su ɗauki kuɗin hanya, su kula da gonarsa ko shagonsa, amma babu albashi. Duk taron da ya ziyarta su rubuta shaidarsu a kan takardar. In ya dawo ya mai da ita hannun waɗanda suka ba shi, ya ba da rahoto. Yanzu ku gaya mini, mutanen da ba sa bishara me zai sa su zauna su tsara duk wannan?

Eh, akwai lokacin da suka yi shirun da mai hoton yake so, kuma sakamakonsa na nan a rubuce. Bayan dokar sassauci ta 1689 tsanani ya ragu, dukiya ta shigo, suka koma tsare kansu: kalar riga, faɗin hula, korar duk wanda ya auri wadda ba 'yar ƙungiya ba. Masu tafiya da takarda ba su ƙare ba, amma yawanci junansu suke ziyarta. Mutanen da aka ƙiyasta sun kai wajen 60,000 a Birtaniya a 1680 suka dawo ƙasa da 14,000 a 1860. Rijiyar da aka daina ɗiba ke nan, ta fara wari. Wannan zamanin ne ake ɗauko mana a matsayin abin koyi.

Da suka farka kuwa ai ga inda suka kai. Rachel Metcalfe ta tafi Indiya a 1866, wasu suka tafi Madagaska a 1867, aka kafa ƙungiyar mishan ta Abokai a Ingila a 1868, makarantarsu ta Ramallah a Falasɗinu ta samo asali a 1869 kuma har gobe tana aiki. A 1902 Amurkawa uku, Willis Hotchkiss da Arthur Chilson da Edgar Hole, suka sauka Mombasa a Kenya, suka hau jirgin ƙasan da bai daɗe da isa Kisumu ba, suka taka da ƙafa har suka zaɓi Kaimosi a ƙasar Luhya. Aikin nasu ƙafa huɗu gare shi: bishara, makaranta, asibiti, da koyar da sana'a, har da injin tsaga katako da ruwan kogi ke juyawa. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Luragoli, ɗaya daga harsunan Luhya, kuwa Emory Rees ya fara ta ne da Joel Litu, ɗan ƙasa, wanda ya ba aikin shekaru masu yawa na rayuwarsa. Kuma 'yan ƙasar ne, malaman makarantun ƙauye, suka kai saƙon lungu-lungu, da ɗan gari akan ci gari. A 1946 suka sami taron shekara nasu na Gabashin Afirka.

Sai a ce mini ai wancan da ne, na yanzu shiru suke yi. Na yanzu na ina? Abokai a duniya yau ba su wuce wajen 400,000 ba, kusan rabinsu a Afirka suke. Kenya kaɗai tana da sama da 100,000, ta fi kowace ƙasa, mambobin Birtaniya kuwa ba su kai 15,000 ba. Masu sujadar shiru zalla kusan kashi ɗaya ne cikin goma. Sauran suna da fasto, da ƙungiyar mawaƙa, da wa'azin Lahadi, da taron farkawa, a Kenya da Burundi da Bolibiya da Gwatamala da cikin Amurka kanta. Babban taronsu na duniya na 2012 a Jami'ar Kabarak kusa da Nakuru aka yi shi. Gaskiya ne a cikin tarukan Birtaniya da wasu na Amurka akwai waɗanda kalmar bishara ke ba su kunya, har da waɗanda ba sa kiran kansu Kirista ma. Ra'ayinsu ne, su suka sani. Amma a ɗauki kashi ɗaya a ce shi ne 'yan Kweka, a share tara saboda yawancin taran baƙaƙe ne da Indiyawan dutsen Andis, wannan raini ne, kuma abin takaici mu 'yan Afirka ne muke taya yaɗa shi.

Wani kuma zai ce mishan ai mulkin mallaka ne da rigar addini. Ba na wanke kowa. Fox ya je Barbados a 1671 ya ce a yi wa bayi wa'azi a kyautata musu, bai ce a kwance su nan take ba. William Penn, ɗaya daga manyansu, ya mallaki bayi. Sai 1776 taron shekara na Filadelfiya ya yanke cewa mai riƙe bawa ba ya cikinsu. A ƙarni na 19 sun gudanar da makarantun kwana da aka raba 'ya'yan 'yan asalin Amurka da harshensu, kuma jikokinsu na ƙungiya suna neman gafara a kan haka yau. A Kaimosi ma, da farkawar Ruhu ta ɓarke a 1927, mutane na kuka suna furta zunubi a fili, shugabanni suka tsorata suka matsa musu har suka fita suka kafa tasu ikilisiyar. Daga baya tara iko a wuri ɗaya da ƙorafin fifita wani yanki suka farfasa taron Gabashin Afirka gida-gida. Duk an yi. Amma kowane ɗaya cikin waɗannan laifin rashin sauraro ne, mutum ya manta cewa wanda ya je wurinsa ma hasken ya haskaka shi. Maganin ɗan aike da ya yi girman kai shi ne ya koyi tawali'u. Ku tambayi tsohuwar da ke waƙa da Luragoli a majami'ar Abokai ko tana fatan da ba a zo ba.

Masu cewa aikin jinƙansu ya wadatar, ga kyautar Nobel ta zaman lafiya da aka ba ƙungiyoyinsu biyu a 1947, ga Adam Curle da abokansa 'yan Kweka da suka yi ta kai kawo tsakanin Gowon da Ojukwu lokacin yaƙin basasarmu, ina jinjina wa duk wannan. Sai dai reshe ne, kuma reshe ba ya rayuwa in an sare gindi. Elizabeth Fry, 'yar Kweka da ta shiga wurin matan kurkukun Newgate, ta kai tufafi da allura da zare, ta kuma zauna tana karanta musu Littafi Mai Tsarki da bakinta.

Ku kuma 'yan'uwana masu ɗaura lasifika a kan taga ƙarfe huɗu na asuba, kada ku yi murna wai na tsaya muku. Ban tsaya muku ba. Wa ya gwada kiranku? Wace jama'a ce ta zauna ta ce mun san halinsa, ya je? Wane dattijo ne ke da ikon ce muku yau kun zarce? Mary Fisher ta je har gaban Sarki ba ta zagi addininsa ba, ta faɗi abin da aka ba ta, ta juya, ba ta miƙa kwanon baiko ba. Maƙwabcinku Musulmi da kuke kwana kuna yi wa habaici ta lasifika, kun taɓa zama a ƙofar gidansa kun ji ta bakinsa? In da gaske kun yarda Allah ya riga ku isa zuciyarsa, muryarku za ta sauka da kanta, kuma ba za ku fasa faɗa masa abin da kuka gaskata ba in ya ba ku kunne. Abin da nake roƙo ke nan daga ɓangarorin biyu, da zuciya ɗaya nake roƙonsa: mai shiru ya buɗe baki, mai ihu ya koyi jira.

Af, tun da zance ya kawo mu harshe. Akwai wata Hannah Kilham, gwauruwa daga Sheffield, 'yar Kweka, wadda ta je Gambiya a 1823, daga baya ta yi ta zuwa Saliyo, a lokacin da ƙungiyar tata ba ta ma yarda ta ɗauki aikin mishan a hukumance ba, wasu ɗaiɗaikun Abokai ne suka tara mata kuɗi. Ta tarar ana koya wa yaran da aka kuɓutar daga jiragen bayi karatu da Turancin da ba sa ji, suna haddacewa kamar aku. Ta ce sam, yaro da harshen uwarsa zai fara. Ta bi mutanen Firitawun, babban birnin Saliyo, ɗaya bayan ɗaya tana tambayar yaya kuke cewa ruwa, yaya kuke cewa wuta, tana rubutawa, har a 1828 ta buga jerin kalmomi na harsuna 30, kuma Hausa na ciki, daga bakin Hausawan da bauta ta jefa can bakin teku. A 1831 tana koyar da 'yan mata da Yarbanci a ƙauyen Charlotte. A 1832 ta rasu a cikin jirgin ruwa a hanyarta ta dawowa daga Laberiya, teku ce kabarinta. Mu kuwa yau a wasu majami'unmu na cikin gari, inda kowa da Hausa ya tashi, fasto ya hau bagade ya yi minti arba'in da Turanci, tsofaffi na gyangyaɗi a benci na baya, a ƙarshe a ce wani ya taƙaita musu cikin minti biyu.